Mai Kunya Ba Ya Sayen Tsohon Gida

Mutumin da zai sayi ragon layya yakan buɗe masa baki ya duba haƙori, ya shafa gadon baya, ya sa a zagaya da shi ko yana ɗingishi. Mutumin nan ne kuma zai shiga gidan da ya haura shekara 40, ya leƙa falo, ya yaba tayil, ya miƙa abin da ya tara tsawon rayuwarsa, don kada a ce ya cika bin ƙwaƙƙwafi. Wannan kunya ce nake ƙalubalanta, domin ta fi dillalai cutar masu saye.

Tsofaffin gidaje irin na Kundila a Kano, da Barnawa a Kaduna, da waɗanda gwamnatin Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983, suna da abin so: fili wadatacce, da bishiyoyi, da tituna shimfiɗaɗɗu. Suna da wata fa'ida kuma da sabon gini ba shi da ita, wato damina 40 ta riga ta gwada su, duk aibinsu ya bayyana a jikin bango. Shi ya sa sabon fenti a tsohon gida ya kamata ya ƙara maka shakka.

Ka nemi ganin gidan a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Titi yana ƙara tudu duk lokacin da aka gyara shi, har tsakar gida ta koma ƙasa da kwata, ruwan unguwa ya riƙa kwana a ciki. Dubi gindin bango: inda filasta ke bubbuga, farin gari kamar kanwa yana fitowa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. Siririyar tsaga a filasta ba abin tsoro ba ce, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, tana faɗaɗa, tana nuna tushen ginin ya motsa. Sa a buɗe silin a duba katako ko gara ta cinye shi. Idan rufin asbestos ne, ka sani yanka shi ko fasa shi yana sakin ƙurar da ke lalata huhu. Wayar wutar da aka ja don ƙwan fitila da fanka ba za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba. Auna kuma tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin masai. Kuɗin injiniyan da zai duba duk wannan bai kai la'adar dillali ba.

Takarda ta fi bango haɗari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya wajabta neman amincewarsa kafin a sauya hannu. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke jinginar gida saboda rashin wannan amincewa. Takardar mallaka yawanci ta shekara 99 ce, tsohon gida kuwa ya riga ya ci wani kaso. Je KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna a binciko maka sunan da ke kan fayil, da bashin harajin fili, da ko gidan yana jingine a banki. Idan gidan gado ne, nemi shaidar rabon kotu da sa hannun kowane magaji, mata da marayu a ciki. Babban wa shi kaɗai ba ya sayar da rabon ƙannensa.

Za a ce maka mai gidan dattijo ne, tambaya irin wannan cin fuska ce. Dattijon kirki ba ya jin haushin tambaya, domin shari'a ma ta haramta ɓoye aibin kayan sayarwa, ta kuma ba mai saye damar mayar da su. Za a ce wani na tafe da kuɗi a hannu gobe. Bar shi ya saya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ma maƙwabcinsa, da mai shagon bakin layi. Ka tambaye su tun kuɗinka yana aljihunka, domin da zarar ka biya, yoyon ya zama naka.