Sirdin Keke: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Duk wanda ya bi hanyoyin burji da suka ratsa gonakin noman rani na Bakolori, tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, zai ga keke iri-iri: na manomi ɗauke da buhu, na malami, da na ɗalibi mai saurin isa makaranta. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, darajar keke ta ƙara ɗaukaka. Amma da wuya a ga mahayin da sirdinsa ya dace da tsawon ƙafarsa. Wani ya dunƙule, gwiwa na neman taɓa ƙirji. Wani kuwa, musamman yaron da ya ari keken mahaifinsa, yana ta karkata hagu da dama don ya kai ga feda.

A ƙasashen Turai da Amurka masu tsere a kan hanyoyin burji sun ɗauki wannan al'amari da muhimmanci, har suna sa wa kekunansu wata sandar sirdi mai hawa da sauka. Asalinta daga masu hawan duwatsu ne. A shekarar 1984 Joe Breeze da Josh Angell suka fito da wani sifirin mai suna Hite-Rite a Kalifoniya, wanda ke mayar da sirdi sama bayan an sauke shi. Ta zamani kuwa bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, da iska da mai a matse a ciki. Mahayi ya danna ɗan ƙarfe a kan keke, nauyinsa ya tura sirdi ƙasa. Ya ɗaga jiki ya sake dannawa, iskar ta mayar da shi sama. A shekarar 2022 Matej Mohorič, ɗan ƙasar Sulobeniya, ya ci tseren Milan zuwa San Remo a Italiya da irin wannan sanda, domin ta ba shi damar sheƙawa a gangarar ƙarshe.

Hikimar abin tana cikin halittar jiki. Tsoka tana ba da cikakken ƙarfinta ne idan ba ta takure sosai ba, ba ta kuma miƙe fiye da kima ba. Idan sirdi ya yi ƙasa, gwiwa takan lanƙwashe da yawa, tsokar cinya ta danne ƙoƙon gwiwa a kan ƙashi, sai gajiya da ciwon gaban gwiwa su biyo baya. Idan ya yi sama, ƙugu yakan yi ta lilo, jijiyoyin bayan gwiwa su ja. To amma a gangara, ko a cikin yashi da ramuka, buƙata takan canza. A nan sirdi na ƙasa ya fi, don cibiyar nauyin mahayi ta kusanci ƙasa, kuma ƙafa ta iya dafawa da sauri. Ke nan tsawo ɗaya ba ya biyan buƙata biyu, abin da sandar ta zo warwarewa ke nan.

Shin ya kamata ɗalibin Mafara ko manomin Bakura ya nemi wannan sanda? Amsa ita ce a'a, saboda dalilai uku. Na farko, sa ta sai an yi awo: kekunan burji galibi suna ɗaukar sanda mai kaurin milimita 27.2, na hawan duwatsu 30.9 ko 31.6, alhali bututun tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix yawanci ya fi haka ƙanƙanta. Sannan sai an ja waya daga sandar zuwa kan keke, an kuma ɗaure ta ba tare da matsewa da yawa ba, in ba haka ba ta cije. Na biyu, ƙurar hunturu abokiyar gabar robar da ke tsare iska da mai ce, kuma gyaranta sai da kayan aiki na musamman. Na uku, ƙasar Bakolori shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da dogayen gangarorin da aka ƙera sandar dominsu. Sau da yawa ma kuɗinta ya isa sayen keke sukutum.

Abin da ya dace a ɗauka shi ne ilmin, kuma kyauta ne. Mahayi ya zauna a sirdi, ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafa ta miƙe sambal ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsawo ya yi daidai, domin in ya mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kamar digiri 25 zuwa 35. Akwai kuma lissafin da ya shahara da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren keke na Faransa sau uku: a auna tsawon ƙafa daga tsakanin cinyoyi zuwa ƙasa, a ninka da 0.883. Alal misali, mai ƙafar santimita 80 zai sami kimanin 70.6, wato tazara daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. Sai dai a kula: kada a zaro sanda ta wuce alamar da aka zana mata, don tana iya karyewa ko ta tsaga bututun keke.

Wani zai ce keken gida ɗaya ne, uba da 'ya'ya ke hawa, wa zai riƙa yawo da sifana? Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa yana da araha: maɗauri mai ɗan hannu, wanda ake buɗewa da rufewa da yatsu a maimakon noti. Kowane mahayi sai ya yi wa sanda alamarsa da fenti.

Saboda haka ƙalubale yana kan malaman kimiyya. Keke ɗaya da tef ɗin awo sun isa darasi guda da zai haɗa ilmin halittu da lissafi a farfajiyar makaranta. Ɗalibin da ya auna ƙafarsa, ya gyara sirdinsa, ya ji bambanci a hanyar komawa gida, shi ne zai kai wa mai gyaran keke na unguwarsu labari. Gwiwa ba ta da kayan gyara a kasuwar Talata. Rigakafi kuwa, in ji Hausawa, ya fi magani.