ZAƁEN INJI DA MATACI DON BABBAN TANKIN KIFAYEN ADO

A biranen Ikko da Abuja da Fatakwal, masu hali sun fara ƙawata falonsu da manyan tankunan gilashi, inda kifaye masu launi iri-iri ke kai da kawowa. Abin takaici shi ne da yawansu sukan kashe kuɗi mai yawa wajen gilashi da fitilu da duwatsun ado, sa'an nan su sayi inji da mataci mafi arha a kasuwa. Kafin wata ya zagayo sai a wayi gari kifayen suna yawo ciki sama, alhali ruwan garau yake kamar na randa.

Dalili kuwa shi ne, abin da ke kashe kifi ba ya ganuwa da ido. Kifi yana fitar da wani guba da ake kira amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci kuma idan ya ruɓe yana ƙara ta. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita, amma a tanki babu inda za ta. Aikin mataci ke nan. Soson farko yana tare dattin da ake gani, to, amma babban aikin yana wuyan waɗansu ƙananan halittu ne, watau bakteriya, da ke zaune a jikin soso da tsakuwar cikin matacin. Su ne ke juya amoniya ta zama nitirait, wanda shi ma guba ne, daga nan ya zama nitiret mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar sauya kwatan ruwan kowane mako. Halittun nan sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yaɗu, saboda haka wanda ya cika sabon tanki da kifi ranar farko ya yi gaggawa. Haka kuma, wanda ya wanke soson da ruwan famfo mai kulorin ya kashe su ke nan. Da ruwan da aka ɗebo daga tankin ake ɗauraye shi.

Game da injin tura ruwa, ma'aunin da masu wannan sana'a suka saba bi shi ne ya zagaya da ruwan tankin duka sau 4 zuwa 6 a awa ɗaya. Alal misali, tanki mai lita 500 yana bukatar injin da ke tura lita 2,000 zuwa 3,000. Sai dai kada a ruɗu da lambar da ke jikin kwali, domin an auna ta ne ba tare da hawa ba. Idan matacin yana cikin kabad a ƙarƙashin tanki, ruwan kuma zai hau mita ɗaya da rabi, ƙarfin yakan ragu ƙwarai. A duba wutar da yake ci kuma: inji mai wat 40 da ke aiki dare da rana yana cinye kusan yunit 29 a wata.

Ƙananan injuna biyu sun fi babba ɗaya, don in ɗaya ya lalace ɗayan yana riƙe da tankin.

Sauran magana ita ce ɗauke wuta, abin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: lita ɗaya tana riƙe kamar miligiram 9 na oksijin a digiri 20, amma a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa take jurewa a kwano a kasuwa, amma yawancin kifayen ado ba su da wannan baiwa. Bakteriyar da ke cikin rufaffen mataci ita ma takan fara mutuwa idan ruwa ya tsaya awoyi da yawa. Don haka wajibi ne a tanadi ɗan injin hura iska mai aiki da batir, ko a haɗa injin da inbata. In kuwa wutar ta kwana ba ta dawo ba, to a zubar da ruwan da ya tsaya cikin matacin tukuna kafin a sake kunna shi.