Kafin a sayar da gona don tiyatar zuciyar Baba

1/ Duk mai tsoho a gida ya tsaya ya karanta wannan zaren. Magana ce a kan ranar da likita zai ce bawul ɗin zuciyar Baba ko Inna ya tsuke, sai an yi aiki.

2/ Abu biyu muke kallo a ranar: shekaru da ƙiba. "Haba, ɗan tamanin za a yanka?" Ko kuma "Ai Hajiya da jikinta, za ta ɗauka." Ni kam duka biyun ban yarda da su ba.

3/ Da can sai an tsaga ƙirji. A 2002 wani likita a Rouen ta Faransa, Alain Cribier, ya fara saka sabon bawul ta jijiyar jini daga cinya. Shi ne ake kira TAVI. Tsofaffin da ba za su jure babbar tiyata ba suka samu hanya.

4/ Sai likitoci suka lura da wani abu. Aiki ya yi kyau, bawul yana aiki lafiya lau, amma kafin shekara ta zagayo wani ya koma kasuwa, wani kuma ya kwanta ko ya rasu. Alhali sa'annin juna ne. Babban abin da ya raba su shi ne raunin jiki tun kafin aikin.

5/ Kuma gwajin ba wani abin tsada ba ne fa. Tafiyar mita 5: idan ta ɗauke shi sama da daƙiƙa 6, alama ce. Tashi daga kujera sau 5 ba dafawa: idan ya kai daƙiƙa 15, ko ya kasa, alama ce. Sai ƙarfin damƙar hannu. Sai a duba ko jini ya yi ƙasa, da albumin, da ko mantuwa ta fara. Jonathan Afilalo na Kanada da abokan aikinsa sun nuna a 2017 cewa kujerar nan, da gwajin jinin biyu, da na tunani, suna hasashen wanda zai kai shekara.

6/ Sikeli kuwa yana yaudara. Mai ciwon zuciya ruwa yana taruwa masa a ƙafa da ciki, nauyi ya ƙaru, mu ce ya murmure. Ruwa ne kawai. Wani kuma ga teɓa, amma cinya ta zube. Shi ya sa wasu likitoci ke auna kaurin tsokar ƙugu a hoton CT da aka riga aka ɗauka don shirin aikin.

7/ Gaskiya ne an ga masu rama sosai sun fi shan wahala bayan TAVI. Kar wani ya ce na ba shi lasisin ƙiba. Sau da yawa ciwon ne ya riga ya cinye ramammen.

8/ Inda nake ganin laifinmu: "Baba zauna ka huta." Mun karɓe butar, mun hana shi takawa masallaci, safe koko, dare shayi da burodi. Ƙauna ce, na sani. Amma tsokar da ba ta aiki narkewa take yi. Ƙwai, wake, kifi, nono, da ɗan tattaki gwargwadon yadda likita ya yarda. Mai ciwon ƙoda ya tambaya kafin ya ƙara nama.

9/ Wani zai ce rai a hannun Allah yake. Ƙwarai kuwa. Amma kuɗin Indiya ko Masar gona ce, gida ne, gudunmawar dangi ce. Wani tsohon ɗan tamanin da biyar ne mai ƙarfi, an hana shi aiki saboda shekaru. Wani kuma za a ɗaga shi jirgi alhali ko an gyara bawul ɗin ba zai miƙe ba, kuma da wuya a samu mai faɗa wa iyalin.

10/ Don haka kafin a yi maganar biza, ku tambayi likita: "An gwada ƙarfinsa? Me gwajin ya nuna? Akwai abin da za mu gyara kafin aikin, kamar ƙarancin jini?" Sannan ku tambayi Baban shi kansa me yake so. Sau tari ana taron dangi a falo, shi yana ɗaki.