Bangon Aji Yana Magana Kafin Ya Faɗi

'Yan uwana malamai, ranar 12 ga Yulin 2024 benen makarantar Saints Academy da ke Jos ya rufta da safe, ɗalibai na cikin azuzuwa, aka rasa rayuka 22. Mu da muke koyarwa a Taura, cikin kwarin Kogin Haɗeja, bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin labarin nesa ba, domin mun ga yadda ambaliyar 2022 ta jiƙa harsashin gine-gine a faɗin Jigawa.

Ginin da muke zaune a ƙarƙashinsa haɗi ne na abubuwa mabambanta. Kankare, wato siminti da yashi da tsakuwa, yana jure danni amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa masa rodi a ciki. Kakanninmu sun san wannan hikima, suna cuɗa ƙasa da ciyawa kafin su yi tubali. Ƙarfin irin wannan haɗi yana ga yadda sassansa suka kama juna, kuma lalacewarsa daga ciki take farawa. Ruwa kan bi ƙaramar tsaga ya isa ga rodi, rodin ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ture kankaren da ke rufe da ita. Ai dama an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gano wannan ɓarna bai fi ƙarfin malami ba. Jirgin sama ƙirar Boeing 787, kusan rabin nauyinsa haɗaɗɗun kaya ne na zare da danƙo, amma har yau masu duba jirage kan ƙwanƙwasa jikin irin waɗannan kaya da kwabo su saurara. Haka za mu yi wa ginshiƙi da ƙaramar guduma: inda ya kama, sautin a tsaye yake, inda ya rabu daga ciki, sai a ji kamar ana buga ƙwarya. Jan tabon tsatsa a jikin dakali ko rufi alama ce. Tsaga kuwa, a ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata. Idan ta wuce layin bayan 'yan makonni, ginin yana motsi.

Inda muke kuskure shi ne gyara. Sau da yawa akan shafe tsaga da siminti, a bi da fenti, a ce an sabunta aji, alhali an ɓoye ciwon ne kawai. Gyara na gaskiya shi ne a toshe hanyar ruwan, a farfashe kankaren da ya saki, a kankare tsatsar, sannan a mayar da sabon kwaɓi a ƙarƙashin kulawar injiniya.

Don haka nake kira ga reshenmu da ya tsaya kan abu uku. Kowace makaranta ta buɗe littafin rubuta tsagogi, shugaban makaranta da kwamitin iyaye su sa hannu. A nemi hukumar SUBEB da ke Dutse ta turo injiniyoyi kowace shekara kafin faɗuwar damina. Duk ajin da tsagarsa ke ƙaruwa kuma a fitar da yara daga cikinsa nan take, ko da za a koma gindin bishiya ne. Iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu, kuma mu ne muke kallon bangon nan kullum.