Daga Ƙofar Na'isa: Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Daren Asabar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Na'isa sai wani ɗan maƙwabcina, ɗalibin jami'a, ya tayar da tsohon barkwancin nan na shekarar 2021, lokacin da aka ji rundunar sojan ruwa za ta kafa cibiya a Kano. Ya ce, "Baba, mu da ko Jakara ba ta ɗaukar kwale-kwale, me ya haɗa mu da jirgin yaƙi?" Aka yi dariya. Ni ma na dara, amma na kwana da maganar, domin tarihi ya nuna abin da ya haɗa mu da jirgin ruwa ya fi abin da yaron yake zato.

A watan Janairu na 1897 Kamfanin Royal Niger, ƙarƙashin George Goldie, ya yi niyyar cin Bida. Kamfanin ciniki ne, jiragensa kuwa na dakon manja da sauran haja ne. Sai aka ɗora musu bindigogi, aka sa William Wallace ya riƙa sintiri da su a Kogin Kwara. A lokacin wani babban ɓangare na rundunar Nupe yana kudancin kogi, wajen Kabba, ƙarƙashin Makun Muhammadu. Jiragen suka tsare mashigai, mayaƙan suka kasa ƙetarowa su agaza wa Etsu Abubakar, Bida ta faɗi. A Satumba na 1901 kuma ta Binuwai jirage suka kai Kanar Morland da sojojinsa Yola, suka kori Lamiɗo Zubairu. Wannan Morland ɗin shi ne ya tsaya a bakin ganuwarmu ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Igwar da ta fasa ƙofar Kano ta ruwa ta shigo ƙasar nan. Ashe wanda ya riƙe kogi ya riƙe makullin birnin da ke nesa da kogi.

Wannan dabara ta mayar da jirgin kaya jirgin yaƙi, da ita ƙasar Sin ta kafa rundunar ruwanta ta yanzu. An kafa rundunar ranar 23 ga Afrilu, 1949, aka damƙa ta a hannun Zhang Aiping, wanda sojan ƙasa ne. Abin da ya tarar ɗan kaɗan ne: tsofaffin jiragen da suka rage daga gwamnatin Kuomintang, sai jiragen 'yan kasuwa da na masunta. Aka shigar da na kaya ma'aikatun gyara na Shanghai, aka kafe musu igwogin sojan ƙasa a kan dandamali, aka ɗebo tsofaffin matuƙan abokan gaba su koya wa mayaƙan ƙauye tuƙi. A 1950, da jiragen katako masu filafilai, waɗanda aka ɗaura wa wasunsu injin mota da ƙananan igwogi, suka ƙetare mashigin teku suka kama tsibirin Hainan.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka faci ba shi da illa. Jirgin kaya an ƙera shi ne domin ya ɗauki nauyi cikin arha. Jikinsa ba sulke, tafiyarsa ba sauri, cikinsa fili ne babba wanda idan ya huje ruwa ke cika shi nan da nan, dandamalinsa kuma ba a gina shi ya jure jijjigar igwa ba. A Oktoba na 1949, a tsibirin Kinmen, jiragen masuntan da suka kai sojojin Sin gaɓa sun maƙale a yashi da ruwa ya janye, aka ƙone su, sojoji wajen 9,000 suka mutu ko aka kama su. Mutanen Sin sun karanta wannan darasi. Tun daga 1954 suka fara sayo jiragen yaƙi na ainihi daga Tarayyar Sobiyet, suka koyi ƙira, har ga shi yau babu rundunar ruwan da ta kai tasu yawan jirage.

Mu ma haka muka faro. Rundunar ruwanmu ta 1956 daga jiragen tsohuwar Ma'aikatar Ruwa ta mulkin mallaka aka tsamo ta, shekara bakwai kacal bayan ta Sin. Amma NNS Centenary da NNS Unity, waɗanda muke tinƙaho da su, a Sin aka ƙera su. Gaskiya ne ma'aikatar rundunar da ke Legas ta ƙera NNS Andoni a 2012, da NNS Karaduwa a 2016, da NNS Oji a 2021. Wannan abin yabo ne, sai dai ƙananan jirage uku a cikin shekara tara tafiyar hawainiya ce.

Abin da ya dame ni ya fi kusa da gida. A tafkin Chadi masu tayar da ƙayar baya suna ɗora bindiga a kwale-kwalen kamun kifi suna karɓar haraji daga masunta. Dabarar Wallace ce ta dawo, a hannun 'yan ƙasa. Ruwan can marar zurfi ne, cike da ciyawa, babban jirgin da aka sayo da dala ba ya shigarsa. Abin da yake bukata ƙaramin jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda maƙera da masu walda na Kano, da ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero, za su iya haɗawa idan rundunar ta ba su zane da ma'auni, ta kuma saya a hannunsu. Ga Tiga, ga Bagauda, ga Challawa, wurin gwaji bai gagara ba.

Don haka amsata ga ɗan maƙwabcina ita ce: kwalejin sojan ruwa da ke Dawakin Tofa ba abin dariya ba ce. Abin tambaya shi ne ko za ta tsaya kan koyar da odar kaya daga waje, ko kuwa za ta buɗe ƙofa ga mai guduma da mai zane na garin nan. Allah Ya sa masu iko su ji. Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.