Wanki Ba Ya Mayar Da Jarkar Guba Ta Zama Ta Kunu

Mai karatu, kafin ka yi nisa cikin wannan rubutu, ina roƙonka ka leƙa madafar gidanku, ka dubi mazubin da ake jiƙa gero, da bokitin da ake tace zoɓo, da duron da ake tara ruwan sha. Sannan ka tambayi kanka: mene ne a cikin kowannensu kafin ya shigo gidan nan? Idan ba ka da amsa, to da kai nake magana.

Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti. Wata damina ina aikin dare aka aiko daga sashen gaggawa a ba da allurar atirofin, aka sake aikowa, aka kuma sakewa. Da na isa sai na tarar da wata uwa da 'ya'yanta uku, suna amai da zawo, yawu na dalala, gumi ya jiƙe su, ƙwayar idonsu ta tsuke kamar bakin allura. Alamun gubar maganin ƙwari ke nan, alhali babu wanda ya sha magani a cikinsu. Maigidan ne ya gama feshin wake, ya ga jarkar mai ƙwari ce, ya yanke samanta ya bai wa iyalinsa, aka jiƙa gero a ciki kwana biyu, aka dama kunu. Allah ya sa duk sun tashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da uwar ta yi ta nanatawa: "Wallahi sau uku na wanke ta da omo."

Na yarda da ita, ba ta yi ƙarya ba. Rigimata da wannan magana ce, domin ita ce hujjar da muke kafawa a gidaje da kasuwanni, kuma hujja ce da ba ta da tushe.

Mun ɗauka roba kamar tangaran take ko kwalba, abin da aka zuba a ciki yana tsayawa a fuskarta, soso ya ɗebe shi. Ba haka ba ne. Roba tana shan abin da ya daɗe a cikinta, musamman mai maiƙo, kuma da yawan magungunan feshi a cikin wani ruwa mai kama da mai ake narkar da su. Shaidar tana madafarku. Robar da aka ajiye miyar manja tana zama ja har ta tsufa, komai gugar da ta sha. Jarkar da ta taɓa ɗaukar kananzir tana warinsa bayan shekara. Abin da ya shige jikin roba kuwa yana komowa a hankali cikin duk abin da aka zuba daga baya, kuma abubuwa huɗu ne ke gaggauta fitowarsa: zafi, da tsami, da maiƙo, da daɗewa.

Yanzu dubi abin shan da muke haɗawa a gida. Zoɓo da zafinsa ake juye shi, ga tsami mai ƙarfi. Gasara kwana da kwanaki take zaune tana tsami kafin a dama koko. Kunun aya da kunun gyaɗa suna da maiƙo. Ruwan tsamiya sunansa ya isa bayani. Da a ce da gangan ake neman hanyar tatso guba daga jikin roba, da wuya a samu wadda ta fi wannan.

Za ka ce ka shinshina ba ka ji wari ba. Hanci ba ma'aunin guba ba ne. Dalma ba ta da wari. Maganin ciyawan nan farakwat, wanda ake rubuta Paraquat a jikin jarkarsa, masu sarrafa shi ne da kansu suke ƙara masa launi da wari da sinadarin sa amai, don a gane shi kafin a haɗiye. Idan wanki ya kawar da launin da warin, gargaɗin kawai ya tafi. Farakwat kuwa ba shi da makari a kowane asibiti a duniya. Yana ƙone baki da maƙogwaro, ya lalata ƙoda da huhu, kuma kurɓi ɗaya na iya kisa.

Bari in kawo maka misali daga sana'armu. A ƙa'idar sarrafa magunguna, ba a yarda a haɗa fenisilin a wuri ɗaya da sauran magunguna ba, sai an ware masa gininsa da injinansa, saboda ɗan ɓurɓushinsa na iya tayar wa wanda jikinsa ba ya karɓarsa mummunan rikici. Waɗannan masana'antu ne masu injinan wanki da ɗakunan gwaji, amma ba su dogara da wanki ba. Haka kuma a 2008 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da ƙa'idoji kan mazuban maganin feshi da suka ƙare. Abin da suka tanada shi ne manomi ya ɗauraye jarkar sau uku, ya juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshinsa, sannan ya huda ta. Ka lura da wannan: bayan ɗauraya uku ma hudawa ake yi, don kada wani ya tsince ta ya zuba ruwa ko abinci. Sau ukun da baiwar Allah nan ta yi shi ne matakin da ake bi kafin a jefar da jarka.

Mazubin ƙarfe ma yana da nasa sharrin. Bokitin ƙarfe mai ƙyalli, irin wanda aka lulluɓe da tutiya don kada ya yi tsatsa, ba a yi shi don abu mai tsami ba. Tsamin zoɓo ko na tsamiya yana narkar da tutiyar, wanda ya sha ya kama amai da murɗar ciki da zawo ba da jimawa ba, a ɗora laifin a kan ruwa ko sukari. Duron da aka toshe ɓularsa da dalma, ko aka shafe cikinsa da fenti don ya yi kyau a kasuwa, ya fi wannan muni, domin dalma ba ta sanar da zuwanta. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kanta: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Can da yawa ta shiga jiki lokaci guda. A madafa kaɗan-kaɗan take shiga, ta taru, ta rage wa yaro jini da kaifin ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa.

Wannan shi ne amsata ga mai cewa, "Shekara da shekaru muna amfani da duron nan, ba abin da ya same mu." Ta yaya ka sani? Guba mai yawa ita ke kawo mutum asibiti cikin dare. Kaɗan kuwa ba ta buga ƙofa. Ciwon kan da ba ya ƙarewa, da yaron da ya kasa riƙe karatu, da hanta ko ƙodar da ta gaji kafin lokacinta, ba wanda zai waiwayi duro a kansu. Ban ce duk mai irin wannan ciwo duro ne ya jawo masa ba. Cewa nake rashin faɗuwa nan take ba shaidar tsira ba ne.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙin sake amfani da tsohon mazubi. A Amurka da Turai masu dafa giya a gida suna sayen tsofaffin gangunan da kamfanonin Coca-Cola da Pepsi suka daina zuba ruwan lemo a ciki, masu cin lita 19. Ba abin da suke dafawa ne ya sa na kawo su ba, tsarinsu ne abin dubawa. Gangunan na ƙarfe ne marar tsatsa, tun asali don abin sha aka ƙera su, kuma an san abin da suka ɗauka. Duk da haka, wanda ya san aikin yakan fara sakin iskar da ke matse a ciki, ya kwance kowane baki, ya cire duk zobban robar da ke toshe mahaɗa ya sa sababbi, saboda ya san roba tana riƙe ɗanɗanon tsohon lemo komai wanki. Mutumin da ba ya yarda da robar da ta sha lemo ke nan. Mu kuma muna yarda da wadda ta sha maganin ciyawa, mu dama wa jariri koko a ciki.

Akwai kuma gorunan da ake ɗura zoɓo da kunu don sayarwa. Da yawansu daga bola da tasha da wuraren biki masu jari-bola suke tsinto su. A asibiti ina ganin abin da majinyata ke yi da gorar ruwa idan dare ya yi kuma bayan gida ya yi nisa: wani fitsari, wani kaki. Gorar ba ta ɗauke da tarihinta a goshi. Idan wankinta bai wuce a jijjiga ta cikin baho ɗaya da ɗaruruwan 'yan'uwanta ba, hanya ta buɗe wa taifot da kwalara da ciwon hanta mai bin abinci da ruwa. Ga kuma kishiyar wannan ɗabi'a, wato ɗura guba a gorar abin sha. Fiya-fiya, da kananzir, da ragowar maganin feshi, duk a gorar lemo muke ajiye su ƙarƙashin gado, inda hannun yaro ke kaiwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana a 2016 cewa tun daga 2000 mutum 17 suka mutu a ƙasar, uku daga cikinsu yara, saboda sun sha farakwat da aka juye a mazubin abin sha. Idan haka ta faru inda ake sa ido sosai, me kake zato a inda ake auna maganin feshi a gefen hanya?

Na san amsa mafi nauyi ita ce talauci, kuma ba zan raina ta ba. Sabon duro yana da tsada, mai sayar da kunu kuma da ribar gora ashirin take ciyar da gida. Amma zaɓin bai tsaya tsakanin sabo da mai guba ba. Jarkar man girki mai lita 25, da bokitin bota, da duron da ya ɗauko kayan abinci, duk tsofaffi ne masu araha da suka dace. Randa da tulu da ƙwarya sun riƙe kakanninmu. Sharaɗin ɗaya ne: ka san abin da mazubin ya fara ɗauka. Ka nemi wanda takardarsa ke manne. Hoton kofi da cokali mai yatsu a gindinsa alama ce ta cewa don abinci aka yi shi. Lambar 2 ko 5 cikin alama mai kusurwa uku irin robar kawai take nunawa, ba ta ba da labarin abin da aka zuba. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ko zanen launi ja, rawaya, shuɗi ko kore a ƙasan takardar maganin feshi, sun isa ka bar shi. Wanda aka kankare takardarsa kuwa, ka ɗauka an kankare ta ne don akwai abin ɓoyewa. Bokitin fenti, da jarkar baƙin mai, da ta ruwan batir, da duron sinadarin masana'anta, kada abin da za a ci ko a sha ya shige su har abada.

Mazubin da ya cika sharaɗi, a wanke shi da sabulu da buroshi, sannan a zuba ƙaramin cokali ɗaya na bilic marar ƙamshi cikin lita ɗaya ta ruwa, a jijjiga ya taɓa ko'ina, a zubar, a kife shi ya bushe. A bar zoɓo da kunu su huce kafin a ɗura a roba. A tuna cewa bilic ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya karya guba.

Idan kuwa tsautsayi ya faɗa, mutane biyu ko fiye suka kama amai, yawu, gumi, jiri ko sarƙewar numfashi bayan sun sha abu ɗaya, a nufi asibiti nan take, a tafi da mazubin da ragowar abin shan. Kada a sa wa mutum yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai bayan shan kananzir ko maganin feshi na iya tura shi cikin huhu, kuma lokacin da ake ɓatawa a kan manja shi ne lokacin da allura za ta yi aiki.

Ga masu sayar da tsofaffin duro da jarka: wanda ya kankare takarda ya ce wa mai saye "na mai ne", alhali ya san ba haka ba ne, yana da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ga dillalan maganin feshi da hukumomin gona da NAFDAC: wanda ya shigar da jarka ƙauye ya kamata ya tanadi hanyar karɓarta idan ta ƙare, domin gaya wa manomi kada ya yi amfani da ita ba tare da nuna masa inda zai kai ta ba rabin aiki ne. Kafin su motsa kuwa, kai maigida da ke uwargida, wuƙa tana hannunku. Jarkar da kuka kasa faɗin asalinta, ku huda gindinta yau, kafin wani ya ga kyanta ya jiƙa gero a ciki.