Injin da ke ciwo ba bakin faɗa

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sashen lantarki da na kanikanci, ina da ƙorafi a kanmu, kuma daga gona na ɗauko shi.

Farkon daminar bara na je gida, can wajen Malumfashi. Ruwa ya sauka, kowa yana neman tarakta ta yi masa haro. Wadda kawuna ya samu layi a kanta, tana cikin aiki a gonar maƙwabcinmu sai ta yi wata ƙara, ta tsaya cik. Ashe tiyon lagireto ne ya tsage, ruwa ya tsiyaye, injin ya yi ta cin wuta har ya buga. Na hau na duba dashbod: allurar agogon zafi tana kwance, fitilar baƙin mai babu ƙwai, wayoyi na reto. Na tambayi direban, ya ce ai tun da ya kama motar haka ya same ta, da kunne yake gane lafiyar inji. Kunnen bai cece shi ba. Sati uku tana gareji, masu layi suka watse neman wata, kawu ya yi shukar masara a makare.

Duk wanda ya zaga Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi ya san wannan ba sabon labari ba ne. Yankin ya daɗe da sanin tarakta. Tun 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe. Amma leƙa tsofaffin Massey Ferguson da ke aiki a yau ka ga nawa ne agogonsu ke motsi. Mun ɗauki dashbod a matsayin kwalliya, alhali shi ne bakin da inji ke faɗin ciwonsa. Matuƙan jiragen ruwa masu inji sun fi mu gane wannan, domin a tsakiyar teku babu bakaniken da za a kira.

Kuma abin ba wani sihiri ba ne, duk mun yi shi a aji. Fitilar baƙin mai tana da ɗan makunni a jikin inji: ka murɗa makulli ta kama, inji ya tashi mai ya zaga ta mutu. In ta kama ana cikin aiki, to a kashe nan take. Agogon zafi yana karanta wata 'yar na'ura ce da turjiyarta ga lantarki ke raguwa in ruwa ya ɗau zafi. Fitilar caji kuwa, a altanetoci da yawa ta cikinta wutar farko ke bi kafin caji ya fara. Ƙwai ɗaya ya mutu, sai batir ya riƙa sauka, a yi ta tura mota ana zagin mai batir. Ga agogon awa, wanda da shi ake sanin lokacin juyen mai, tunda tarakta ba da kilomita ake lissafinta ba. Yawancin matsalar ba ta wuce tsatsa a mahaɗar waya, ɓera ya ci waya, ko fiyus ya ƙone an ɗaura zaren waya a madadinsa. Mita, ƙarfen narka dalma da haƙuri, su ne jarin.

Wani zai ce, ai wannan aikin masu wayarin ne, mu injiniyoyi za mu zama. To, malam, injiniyan da ba zai iya bin wayar bolt 12 daga makulli zuwa inji ba, wace tashar lantarki za a ba shi? Kuma ban ce mu raina masu wayarin ba. Sun fi mu hannu nesa ba kusa ba. Sau da yawa mai motar ne ke cewa a yanke wayar kawai a haɗa kai tsaye, sauri yake yi. Su suna da hannu, mu muna da zane da lissafi. In aka haɗa, kowa ya ƙaru.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Nawa ne cikinmu ke haɗa kuɗi a sayo furojet a kasuwa, a kare shi gaban malamai, a jefa a sito ƙura ta rufe? Nawa ne ke yin SIWES a ofis suna cike littafi da aikin da ba su taɓa ba?

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce ta zauna da shugabannin sassa, a amince ɗalibai su ɗauki gyaran dashbod na tarakta ta gaske a matsayin furojet. Rukuni ɗaya, mota ɗaya: a zana wayoyinta, a sa wa kowace lamba, a maye matattun agoguna, a ƙara ƙararrawa mai kuka in zafi ya yi yawa ko mai ya gaza, tunda direban da ke kallon bayansa yana haro ba kullum yake ganin allura ba. A yi shi da rani, lokacin da motocin ke hutawa, mai mota ya sayi kaya, mu mu sa hannu. A bar masa kwafin zanen da bayani da Hausa.

Makin da ya fi daraja shi ne a ga motar ta gama damina lafiya. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kai mu damina mai albarka.